Kejin da Malam Zakari Ya Sauke Ƙasa

Ƙusa goma sha bakwai ce a bangon zauren Malam Zakariyya Mai Keji, cikin wani lungu na Gyadi-Gyadi bayan Titin Kotu, kuma kowace ƙusa da darajarta. Ta ƙasa ta sabon shiga ce, ɗan kanarin da bai iya komai ba sai tsuwwa. In ya fara kama kuka, a ɗaga kejinsa zuwa ta gaba. Ta can ƙoli kuwa, dab da azara, kujerar Hedimasta ce.

Hedimasta tsohon kanari ne, ƙafafunsa har sun yi kirci don tsufa. Amma in ya ja kuka, mai shayin bakin lungu sai ya haɗa kofi, ya yanka burodi, ya miƙa wa mai saye, shi bai dire ba. Duk mai kiwon kanari ya san ƙaramin tsuntsu ba ya zuwa duniya da cikakken kuka, a bakin na gaba yake ɗauka. Shi ya sa daga Darmanawa da Daurawa har Hotoro ake kawo 'yan kanari zauren nan, a bar su watanni suna sauraro. Mutanen lungu makaranta suke ce wa wurin, kuma ba da wasa suke faɗa ba.

Shi Malam Zakari mutumin Garko ne. Ya shigo birni yana saurayi, ya ɗauki kwanon siminti a gine-ginen Tarauni tun rabin unguwar tana gonaki. Da bayansa ya ce ya gaji, sai ya koma wa abin da hannunsa ya iya tun yana tsaron gona, wato saƙa keji. Da na kara ya fara, yanzu gwangwala da waya yake haɗawa, tsinke sittin da huɗu a kowane keji. In ka ƙirga ka sami sittin da uku, to ba nasa ba ne. Dokokinsa ma a bayyane suke. Namiji shi kaɗai ake ajiye shi, don in yana ganin mace ba zai yi kuka ba. Abinci a ɗan gwangwani. Keji kuwa a sama, kullum a sama. Wanda ya ajiye keji a ƙasa, a wurin Malam Zakari, ya shimfiɗa wa mage tabarma ne, kuma bai cancanci a matsa masa a benci ba in masu kanari sun taru.

Zauren kansa na ƙasa ne, shi kaɗai ya rage a lungun tsakanin gidajen bulo. Matarsa Binta ta yi maganar a rushe a sa kwano har bakinta ya gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce: ta shiga da tsakar rana a watan bazara ta ji sanyi, sannan ta dawo su yi magana.

Abin alfaharinsa kuwa guda ne. Tsuntsu ya mutu a hannunsa don tsufa, sanyi ya taɓa kashe masa biyu, amma yunwa ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba. Duk tsuntsun da ya shigo zauren nan sai ya ci.

A farkon bazarar bara ne Inuwa direba, wanda ke ɗauko dankalin Turawa daga Filato, ya yi sallama da wani ɗan kwali a hannu, an huhhuda shi da ƙusa.

"Baba Zakari, ga tsaraba. Kullum kana cewa dankali nake kawo maka kamar kana da kaskon tuya."

"To yau me ka kwaso? Kabeji?"

"Buɗe dai. A bakin hanya na ga wani ya kama su da danƙo a gindin dutse. Na ce wannan sai Baba."

Malam Zakari ya ɗaga murfin kaɗan, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Tsuntsaye biyu ne, kowanne bai wuce babban yatsa da rabi ba. Da farko ya ɗauka irin jajayen nan ne masu tsince-tsince a tsakar gida, waɗanda ba wanda ke ɓata keji a kansu. Amma waɗancan bakinsu ja ne, waɗannan nasu toka-toka ne mai ratsin shuɗi. Namijin kansa ruwan toka, bayansa da ƙirjinsa ja wur kamar garwashi, da 'yan ɗigo-ɗigon fari a haƙarƙari. Macen ta fi shi duhu. Shekara talatin da wani abu yana harkar tsuntsu, bai taɓa ganin irinsu ba.

Baƙonka annabinka. Nan take ya zaɓo keji biyu sababbi, ya sa namijin a ɗaya, macen a ɗaya, ya cika musu gwangwani da gero mai kyau. Ya taka kujera ya sauko da Hedimasta ƙusa ta biyu daga sama, ya rataye baƙon a ƙoli. Macen ya kai ta bangon da ke bayan ƙyaure, inda namijin ba zai gan ta ba. So yake ya ji kukan da ke cikin wannan jan ƙirji.

Masu kanari suna da hanyar sanin ko tsuntsu ya ci. Ka ɗauko gwangwanin ka hura a hankali. In ya ci, ɓawon da ya ɓare zai tashi. Malam Zakari ya hura na namijin, ba abin da ya tashi. Ya hura na macen, haka. Ya ce gajiyar hanya ce. Mako bai zagayo ba, wata safiya ya tarar da macen a kwance a gindin keji, ƙafafu a sama, gwangwaninta cike yadda ya cika shi.

Ya binne ta a gindin katanga, ya wanke hannu, ya dawo ya tsaya yana kallon namijin. Tsuntsun ya kumbura kamar curin auduga, ido rabi a rufe.

"Kai kam za ka ci," in ji Malam Zakari. "Ko ka so ko ka ƙi."

Abu biyar ya gwada: niƙaƙƙen gero, riɗi, gwaiduwar ƙwai, ganyen latas, da zuma a ruwa. Huɗu ko kallo ba su samu ba. Zumar ce kawai yake ɗiga masa a gefen baki da tsinke, ita ta riƙe ran.

"Malam, ka sake shi mana ya yi tafiyarsa," in ji Binta daga ƙofar tsakar gida.

"Ya tafi ina? Ya san hanyar Jos ne? Ko tashar Unguwa Uku zai je ya hau mota?"

Ya kira Inuwa a waya ya tambaye shi me ake ci a can. Inuwa ya ce mutane ko tsuntsaye? Ya ce duk wanda ka sani. Inuwa ya ce shi dai ya ga mutanen wajen acca suke ci safe da dare.

Mai acca ɗaya Malam Zakari ya sani, Malama Kaneng. Mutuniyar wajen Riyom ce a can Filato, ta koyar a firamare a Tarauni har ta yi ritaya, ita ta koya wa 'yarsa Hajara karatu, yanzu kuma tana da rumfa a kasuwar Tarauni.

"Malama, acca nake so, wadda ba a surfa ba. Tafi ɗaya."

"Tafi ɗaya? Baban Hajara, azumi ake yi a gidan, ko rowa ce ta motsa?"

Da ya faɗa mata ko ta wace ce, ya kwatanta jan bayan da bakin, sai ta ajiye mudun da ke hannunta. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta ce ya tare musu adaidaita.

A zauren ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai ɗan garinmu ne," ta ce a hankali. Sai kuma murya ta koma ta malamar aji. "Me yake yi a can sama?"

"Wurin girma na ba shi."

"Wurin girma! Ka ɗauki mutum ka ɗora a kan tankin ruwa, ka ce ka girmama shi?"

Ta zauna a benci ta ba shi labari. Suna yara, in an sussuka acca a kan falalen dutse an kwashe, waɗannan ne ke fitowa daga tsakanin duwatsu su tsince abin da ya zube. Ita dai ba ta taɓa ganin su a ƙolin bishiya ba. A ƙasa suke, ƙarƙashin ciyawa da 'yan ƙayoyi, in sun ji motsi su shige kogo. Ɗan ƙaninta ya ce mata yanzu masu nazarin tsuntsaye har da madubin hangen nesa suke zuwa nemansu, don wai ban da duwatsun can da wasu 'yan tsaunuka ba a samun su, kuma su ma masu nazarin abin da suka sani a kansu bai taka kara ya karya ba.

"Ke nan ba wanda zan tambaya," in ji Malam Zakari.

"Ga ni kana tambaya. Biyu-biyu suke yawo. Ina macen?"

Ya nuna mata kejin da ke bayan ƙyaure, babu kowa a ciki.

"Raba su ka yi?"

"Haka ake yi."

"Haka ake yi wa kanari."

Malam Zakari ya shafa gemu. "Malama, a ƙasa akwai mage. Akwai ɓera, akwai cinnaka."

"A can ma akwai maciji, kuma ba su ƙare ba."

Shi ba mutum ne mai jan gardama in ya ga hanya ba. Tana fita ya ɗauko igiya ya auna kusurwar da randuna biyu suke, kamu shida a tsaye, huɗu a kwance. Ya kafa keji mafi girma da ya taɓa yi a rayuwarsa, marar gindi, ƙafafunsa a binne cikin daɓe, ya lulluɓe shi da raga mai ƙananan ido wadda ko jaririn ɓera ba zai ratsa ba. Ya zagaye shi da toka saboda cinnaka.

Saura duwatsu, kuma Gyadi-Gyadi ba garin dutse ba ce. Ya samo guda tara wurin masu sayar da dutsen gini a bakin titi, ya turo su a baro da bayan nan nasa mai ciwo. Ya haɗa da duwatsun murhu uku da Binta ke ajiyewa don girkin biki. Falale ne ya gagara, har idonsa ya faɗa kan abin da ke jingine a bayan madafa.

"Dutsen niƙan Innata?" in ji Binta, ta riƙe ƙugu.

"Tun da inji ya zo lungun nan kin taɓa shi?"

"Ko ban taɓa shi ba, nawa ne."

"Aro nake."

"Aro wa tsuntsu! Yau na ga abin da ya isa."

Amma ita ta kama masa ɗaya gefen suka shigo da shi.

Yana sakin baƙon a ciki, tsuntsun da ko ido ba ya iya buɗewa ya yi tsalle biyu ya shige tsakanin duwatsun murhu. Malam Zakari ya watsa acca a kan dutsen niƙa, ya zuba ruwa a kwarminsa, ya koma gefe ya zuba ido. Can ɗan kai ya leƙo. Daidai nan Hedimasta ya ja kuka, ɗalibai goma sha huɗu suka amsa, zauren ya ɗauka kamar gidan biki. Kan ya koma ciki. Haka aka yi ta yi har la'asar: ya leƙo, makaranta ta tashi, ya koma.

Malam Zakari ya duba tsakar gida. Siminti ne, rana ta gasa shi har ba a taka shi ba takalmi. Ɗakunan kwano ne, sun fi tanda zafi. Wuri mai sanyi ɗaya ne a gidan, kuma ba zai ɗauki makaranta da baƙo tare ba.

Washegari ya aika wa masu tsuntsaye kowa ya zo ya ɗauki nasa. Wasu suka ɗauka suna gunaguni. Alhaji Mu'azu mai shagon kayan gini a Daurawa, wanda ke da uku a ciki, shi ya tsaya.

"Haba Malam Zakari! Yaran nan rabin kuka suka ɗauka. In na kai su gida yanzu, da kukan janareta za su ƙarasa."

"Na sani, Alhaji."

"Ka sani, kuma ka kore su? Saboda wa?" Ya sunkuya ya leƙa ragar. "Ni duwatsu kawai nake gani. Yana kuka kuwa?"

"Ban taɓa ji ba."

"Tsuntsun da ko kuka ba ya yi! Wallahi in ba na san ka ba, sai in ce zafin nan ya taɓa ka."

Malam Zakari ya jawo kujera ya taka, ya sauko da kejin Hedimasta, ya goge ƙurar saman da hannun riga, ya miƙa masa. Alhaji Mu'azu ya ja da baya. Sau uku yana neman a sayar masa da tsohon nan a shekarun baya, sau uku ana ce masa ya sha ruwa ya huta.

"Tafi da malamin. Ka buɗe makarantar a gidanka, sauran su kai nasu can. Aro ne fa, Alhaji, ka ji da kyau. A canja masa ruwa safe da yamma, kuma kada a rataye shi kusa da fanka."

Alhaji Mu'azu ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya fita da shi yana takawa a hankali har bakin lungu.

Zauren ya yi tsit. Binta ta ce gidan ya koma kamar an yi rasuwa. Malam Zakari ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a saman ragar, ya rataye asabari tsakaninsa da kejin, don Malama Kaneng ta ce in ana zura musu ido ba sa sakewa. Ya zauna a bayan asabarin da gwangwala a cinya, bai fere ko tsinke ɗaya ba, kada ƙarar wuƙa ta yi yawa.

Da safe babu gwangwanin da zai hura. Ya durƙusa, bayansa yana ƙara, ya sa tabarau, ya kai fuska dab da raga. Ƙwayar acca ƙanƙanuwa ce kamar yashi, ɓawonta kuwa sai mai haƙuri. Ya bi dutsen niƙan da ido daga wannan baki zuwa wancan. Ɓawo goma sha ɗaya. Ya sake ƙirgawa don kada son zuciya ya ƙara masa. Goma sha ɗaya.

"Binta! Ya ci!"

"To a kai masa goro," ta amsa daga madafa. Amma sai ga ta ta fito da ludayi a hannu, ta durƙusa kusa da shi tana cewa ina, ina, nuna min.

Kashegari da ya ƙirga ya kai arba'in da wani abu, sai lissafin ya ɓace masa, bai kuma damu ba.

Ci ɗaya ba ya raba tsuntsun tsauni da bazarar Kano. Zafin shekarar ya yi tsanani, ruwa ya yi wuya, 'yan garuwa sai an bi su da lallashi. A jarka huɗu da ke shigowa gidan, ɗaya ta buhun baƙo ce, da ya bushe a sake jiƙawa. Malam Zakari ya daina zuwa ɗaurin aure mai nisa. In ya je majalisar masu kanari ranar Lahadi, hannu rabbana ba keji, sai a fara.

"Ga mai kiwon dutse nan! Malam, yaya duwatsun, sun fara kuka?"

"Suna ci dai," yake cewa, ya nemi wuri ya zauna.

Malama Kaneng kan biyo da ƙullin acca ta duba ɗan garinsu. Da aka yi ruwan farko shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, Binta da kanta ta tara a kwano ta kawo, baƙon ya cinye shida a gabansu ba kunya. Gashinsa ya kwanta, jan ya dawo har yana ɗaukar ido. Yana wanka a kwarmin dutsen niƙa, yana hawa dutsen murhu ya karkaɗe. Kuka ne dai babu. Sai wata 'yar ƙara guda, siririya, da yakan yi ya saurara, ya sake yi ya saurara, kamar mai sallama a gidan da ba kowa.

Wannan ƙarar ce ta yanke wa Malam Zakari shawara. Da damina ta zauna, Malama Kaneng ta ce za ta je gida ganin gona, sai ya ce ta tafi da shi.

"Bayan duk wannan wahalar? Ko kukan ba ka ji ba fa."

"Na ce zai ci, ya ci. Amma mace ba ni da ita, dutsen ma na aro ne. Wata bazarar kuma ban san me za ta zo da shi ba."

Ya saƙa masa akwatin tafiya, gajere, mai duhu, da tsakuwa a gindi da acca a warwatse. Shi ne kejin farko da ya fita daga zauren nan ba maratayi. Ya raka ta tashar Unguwa Uku, ya zaɓa mata gefen da rana ba za ta buga ba, ya yi wa direba bayani har direban ya ce Baba ko kai za ka ja motar.

Makarantar ta dawo daga baya. Alhaji Mu'azu ya maido Hedimasta da ƙiba, sai dai ɗalibai biyar ne suka biyo shi, sauran sun saba da Daurawa. Amma wannan daga baya ne. Kashegarin tafiyar, bayan azahar, Malam Zakari yana kwance ragar kusurwa sai waya ta yi ƙara.

"Baban Hajara, mun sauka lafiya. Ina bayan gonar ƙanina, gindin duwatsu. Na buɗe masa."

"Ya ci a hanya?"

"Ko gaisuwa babu? Ya ci. Akwatin duk ɓawo."

"Alhamdu lillahi. Ya fita?"

"Ya daɗe yana leƙe, kamar yadda yake yi maka. Sannan ya yi tsalle ya hau dutse, ya shige ciyawa. Ban ƙara ganin sa ba."

Malam Zakari ya zauna a kan dutsen murhu. "Akwai 'yan'uwansa a wurin?"

"Ban gan su ba, amma ina jin su. Suna ta yi a can sama kaɗan. Tsaya in ɗaga maka wayar."

Ya danna wayar a kunne. Iska ce ke bugawa, fuu, fuu, sai wani abu can nesa.

"Ka ji?"

"Akuya nake ji."

"Ba akuyar ba, bayan akuyar!"

"Malama, matsa kusa da dutsen."

"Baban Hajara, gwiwata fa. Ka san shekaruna kuwa?"

"A hankali za ki taka. Ba sauri nake ba."

Ya ji tana mita, ya ji tsakuwa tana gangarawa ƙarƙashin takalminta, ya ji numfashinta. Binta ta leƙo za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya rufe ido.

"Ƙara matsawa kaɗan," ya ce.